MAI GIDA DA MOTARSA: Yoyon Baƙin Mai

A watan jiya mun yi zancen lagireto da irin ruwan da ya kamata a zuba masa. A wannan wata kuwa za mu taɓa wani abu wanda yakan ci kuɗin gida a ɓoye, watau yoyon baƙin mai a tsohuwar mota. Sau da yawa uwargida ko yaran da suke share tsakar gida su ne sukan fara ganin alamarsa, baƙin tabo a ƙasa daidai inda mota ta kwana. Mai gida ya duba ya ce, "Ai tsufa ne," ya sa a watsa ƙasa a kai, ya yi tafiyarsa.

To, bari mu yi ɗan lissafi. Cokalin shayi 200 ne suke cika lita 1. Motar da take zubar da cokali 7 kowace rana, kafin wata ya ƙare ta zubar da lita guda ke nan. Injin ƙaramar mota kuwa abin da yake ɗauka duka bai wuce kamar lita 4 ba. Da yayyafi kogi kan cika. Kuɗin man da ake ta ƙarawa hasara ce, amma akwai wadda ta fi ta. Ranar da aka manta ba a ƙara ba, aka kama doguwar hanya da iyali, inji yana iya bugawa a tsakiyar daji, kuɗin gyaransa kuma yakan kai abin da za a ciyar da gida watanni.

Za mu ɗauki Peugeot 504 ta zama abin misalinmu, gama kusan kowa ya san ta. An fara yin ta a Faransa a 1968, a 1975 kuma aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, aka yi ta haɗa 504 a can har bayan shekara ta 2000. Amma dabarar da za mu nuna tana aiki a kan kowace tsohuwar mota mai shan fetur.

Abu guda muke so mai karatu ya riƙe tun daga nan. Wurin da mai yake ɗiga dabam, wurin da yake fitowa dabam. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro da damina ya san wannan. Ruwa yakan shiga ta wata tsaga can a kusurwa, ya bi azara, ya zo ya ɗiga a tsakiyar gado. Wanda ya hau ya yaɓe saman gado daidai ya yi aikin banza. Haka mai yake yi a jikin inji. Yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Saboda haka kusan kowane yoyo a ƙarƙashin inji yake taruwa, ta wajen baya, ko da kuwa daga can sama ya taso. Mutane da yawa sun biya kuɗin sauke inji domin a sake sil na baya, alhali kuwa gasket na murfin sama ne ya mutu, abin da mai gida zai iya sakewa da kansa kafin a sauke tukunyar rana.

Wane Irin Mai Ne?

Kafin ka taɓa sifana, tabbata tukuna baƙin mai ne yake zuba. Da yamma in ka ajiye mota, shimfiɗa babban kwali mai tsabta a ƙarƙashinta tun daga gaba har tsakiya, ka danne shi da duwatsu, ka zana inda tayoyin gaba suke da fensir domin ka san yadda ya kwanta. Da safe ka jawo shi ka duba.

Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana da santsi, yana kuma ɗan warin ƙuna. Ruwan lagireto ba shi da maiƙo, yakan bushe ya bar shaida. Fetur warinsa ya isa ya faɗa maka, nan da nan kuma yake bushewa. Jan mai yawanci na sitiyari ne ko na giya mai canja kanta. Man da yake wari mai ƙarfi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, mai kauri, na giya ne ko na gatarin baya. Amma a nan sai a lura da 504, gama giyabos ɗinta na hannu irin man inji ake zuba masa. Bambancinsa shi ne ba ya yin baƙi kamar na inji, tun da hayaƙi ba ya taɓa shi. In ka ga mai garau yana ɗiga ta bayan inji, sai ka zargi giyabos.

Akwai wani mai kuma wanda ba a yi masa jinkiri ko na kwana ɗaya. Shi ne man birki. Ba shi da kauri, launinsa fari-fari ne ko ɗan rawaya, yana cin fenti, yawanci kuma ana ganinsa a cikin taya ko a ƙarƙashin inda direba yake taka birki. In shi ne, kada motar nan ta ɗauki kowa sai an gyara.

Wani lokaci kuma mai yana raguwa a geji amma kwali ya kwana fes. Wannan inji yana shan mai ne, watau yana ƙone shi tare da fetur. Sa wani ya taka totur kana tsaye a baya. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi shi ne shaida. In kuwa ka zaro geji ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ne ya shiga cikinsa. Waɗannan biyu cuta ce ta cikin inji, aikin makaniki ne, ba su cikin zancenmu na yau.

A Yi Wa Inji Wanka

Injin da ya shekara yana yoyo, ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama baƙin taɓo, ba mai iya ganin kome a jikinsa. Sai an wanke. Kayan aikin kaɗan ne: kananzir kamar kwalba guda, tsohon buroshin fenti, garin sabulu, tsummoki, leda, da tocila.

Bari inji ya huce sarai. Kwance wayar batir ta ƙasa, watau mai alamar ragewa. Ɗaure leda a kan distiribita, da kafireto, da janaretan caji, domin kada ruwa ya shiga. Shimfiɗa tsohon kwano ko kwali a ƙasa ya tare dauɗar. Sa'an nan ka shafa kananzir da buroshi tun daga sama har ƙasa, ka kankare inda ya yi kauri da ɗan itace, ka bi da ruwan sabulu, ka ɗauraye a hankali da buta. Goge da tsumma, ka bar bonet a buɗe rana ta busar.

Kada ka wanke inji da fetur, ko da ka ga ana yi a bakin hanya. Tururin fetur yana bin ƙasa, tartsatsi ɗaya ya isa, murhun uwargida kuwa ba shi da nisa da inda kake aiki.

Bin Sawu

Da inji ya bushe, cire ledojin, mai da wayar batir, ka duba geji ka tabbata man yana tsakanin alamu biyu. Ɗauko farar hoda irin wadda ake shafa wa jarirai, ka barbaɗa ta a duk inda ƙarfe biyu suka haɗu: gefen murfin sama, kewayen filta, bayan fuli na gaba, bakin kaskon mai, da notin juye. Ta da inji a fili, ka bar shi yana aiki kamar minti 10 ko 15 har ya yi zafi. Kashe shi, ka ɗauki tocila.

Mai zai zana baƙin layi a cikin farar hodar nan, kamar sawun maciji a kan rairayi. Kama layin daga ƙasa ka bi shi sama, kada ka tsaya sai ka kai inda ya fara, inda sama da shi a bushe yake. Nan ne ƙofar ɓarawo. In ba ka ga kome ba, zaga gari kamar kilomita 5 ka dawo ka sake dubawa, gama wani yoyo ba ya fitowa sai inji yana gudu. Kada dai ka yi doguwar tafiya, domin iska za ta watsa man ko'ina ta ɓata sawun. A yanzu akwai wani ruwan rini da ake zubawa cikin mai, a haska shi da fitila ta musamman ya yi ƙyalli, amma hoda ta isa mai gida.

Lura kuma da lokacin da yoyon yake zuwa. Wanda yake zuba sai inji yana aiki, daga wurin da famfo yake tura mai da ƙarfi ne, kamar filta ko makunnin fitilar mai. Wanda yake ɗiga dare da rana ko mota tana tsaye, daga ƙasa ne inda mai yake kwance, watau kasko ko notin juye.

Sa'ad da inji yake aiki, tuɓe babbar riga, naɗe hannun taguwa, ka nisanci fanka da fanbel. Kada kuma a ta da mota cikin rufaffen ɗaki, gama hayaƙinta yana kisa ba tare da mutum ya ji warinsa ba.

Murfin Saman Inji

Daga nan za mu bi wuraren yoyo ɗaya ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, daga mai araha zuwa mai tsada. Fara da murfin da ake buɗewa a zuba mai. In robarsa ta ƙeƙashe, mai yakan fantsamo ya jiƙe saman inji duka. Sabon murfi ko sabuwar roba ta raba gardama.

Sai gasket na babban murfin sama, wanda ya rufe bawul. Shi ne ya fi kowane yawan laifi a tsohuwar mota, domin zafi yana gasa shi kullum har ya taurare ya tsage. Injin 504 a karkace yake kwance zuwa dama, saboda haka mai yana taruwa a gefen murfin na ƙasa, ta wajen da bututun hayaƙi yake. In ya sami hanya sai ya sauka a kan ƙarfe mai zafi. Warin ƙuna da kake ji a cikin mota in ka tsaya, da ɗan hayaƙin da yake fitowa ta gefen bonet, daga nan suke. Kada a raina wannan, gama yana iya zama gobara.

Ga yadda ake sake shi. Inji a sanyaye. Zare wayoyin filogi, amma ka ɗaura wa kowace alama tukuna, 1, 2, 3, 4, domin kada su rikice. Kwance notocin murfin ka zuba su cikin gwangwani. In murfin ya manne, buga shi a hankali da tafin hannu ko guntun katako. Kada ka cusa sukudireba ka ɓanɓare, gama kan injin nan na alminiyam ne, da ka yi masa rauni ka buɗe sabuwar hanyar yoyo wadda gasket ba zai toshe ba. Kankare tsohon gasket sarai, ka kula kada ɓarɓashi ya faɗa ciki, ka goge fuska biyun su bushe.

Ɗora bakin murfin a kan gilashi ko tebur mai lebur ka duba ko ya lanƙwashe. In ƙarfen ya lotsa, ɗora shi a kan katako ka daidaita da ƙaramar guduma. Sa sabon gasket ya zauna daidai cikin gurbinsa. A 504 filogi suna zaune ne cikin dogayen bututu waɗanda suka ratso ta murfin, kowane kuwa da zoben roba a wuyansa. Sake su duka huɗu tare da gasket. In ka taɓa zaro wayar filogi ka tarar da ita jiƙe da mai, mota kuma tana tsinkewa, robobin nan ne suka gaji.

Wajen ɗauri ne aka fi ɓata aiki. Mutum yana gani kamar in ya ƙara matsewa yoyo zai tsaya. Matsi mai yawa kuwa shi yake murƙushe gasket ya lanƙwasa murfi, wani lokaci har noti ya karye, a yi gyaran gangar Abzinawa. Kama sifana kusa da kanta, ka ɗaura kowane noti kaɗan kaɗan bi da bi, ka zaga sau biyu ko uku har duka su zauna daidai. Bayan kwana biyu ko uku ka sake taɓa su kaɗan.

Game da gam na gasket, ɗan kaɗan ya isa, a kusurwa kawai ko inda ƙarfe ya ci. Wanda aka lafta da yawa yakan matso ta ciki, ya gutsure, ya bi mai ya je ya toshe rariyar famfon mai. Garin neman gira sai a rasa ido.

Filta Da Makunnin Fitila

In sawu ya kai ka ga filta, tuna ko kwanan nan aka yi juye. Abu uku ne sukan faru. Ko ba a ɗaura ta sosai ba, ko an ɗaura ta da ƙarfe har robarta ta tsage, ko kuwa robar tsohuwar filta ta manne a jikin inji aka ɗora sabuwa a kanta. Na ukun nan shi ya fi hatsari, gama roba biyu suna iya fashewa a kan hanya man ya tsiyaye duka cikin 'yan mintoci. Kwance filtar, shafa da yatsa ka tabbata wurin zamanta ƙarfe ne zalla, shafa wa sabuwar roba ɗan mai, ka murɗa da hannu har robar ta taɓa, sa'an nan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Hannu kaɗai, ban da sifana.

Kusa da filta akwai wani ɗan abu kamar kan noti mai waya ɗaya. Shi ne yake kunna jar fitilar mai a gaban direba. In ya tsufa yakan tsage, mai ya riƙa tsatsowa ta inda wayar take. Ƙarami ne, amma zubarsa tana da yawa domin ƙarfin famfo yana bayansa. Zare wayar, kwance shi, ka tafi da shi kasuwa a ba ka irinsa daidai. Kada ka yarda a toshe ramin da noti a ce an huta. Fitilar nan ita ce mai gadin injinka. Ranar da ta kama kana cikin tafiya, ratse gefe ka kashe inji nan take, ko da gida ya rage taku kaɗan. Inji ba mai ba ya jimre ko 'yan mintoci.

Duba kuma gindin famfon fetur da gindin distiribita. Dukansu a jikin inji suke, kowane da ɗan gasket ko zoben roba a ƙarƙashinsa.

Notin Juye Da Kaskon Mai

Kaskon mai shi ne tasar ƙarfe ta ƙarƙashin inji, wadda makanikai suke ce wa botom filet. Notin juye yana jikinsa, da wasa ta jan ƙarfe a wuyansa. Wasar nan an yi ta ne domin ta lotsa sau ɗaya ta toshe, saboda haka daidai ne a sake ta kowane juye. Kuɗinta kaɗan ne. In kana ƙauye ba ka sami sabuwa ba, gasa tsohuwar a wuta har ta yi ja, ka bar ta ta huce. Jan ƙarfe yakan yi laushi da haka, za ta kai ka zuwa juye na gaba. In kuwa noti yana ta juyawa ba ya kamawa, zarensa ya ci, sai a kai wa makaniki ya fitar da sabon zare. Naɗa masa tsumma ko leda jinkirta masifa ne kawai.

Kaskon kansa yana shan dukan duwatsu a hanyoyinmu. Duba ko ya lotsa ko ya tsage. In bakinsa ne yake tsatsa, gwada notocinsa a hankali, watakila sun saki ne. In ba su saki ba gasket ne, sai a juye mai a sauke kasko a sake shi kamar yadda muka faɗa a kan murfin sama. Amma tuna da ɗakin soro. Kasko shi ne ƙarshen gangare, kowane mai nan yake sauka. Kada ka kama shi da laifi sai hoda ta nuna sama da shi a bushe yake.

Inji Ma Yana Numfashi

Ga wani abu wanda ko waɗansu makanikai sukan manta. A kowane inji ɗan hayaƙi yana kuɓucewa ta gefen fistin ya sauka cikin ɗakin mai. An yi masa hanyar fita, watau bututun numfashi, wanda yake mai da shi wajen kafireto ya ƙone. A tsohuwar mota dauɗa takan toshe bututun nan da 'yar rariyar da take cikinsa. Hayaƙi ya rasa mafita, sai ya cika cikin inji ya riƙa tura mai waje ta kowace kafa, kamar tukunyar da aka danne murfinta tana tafasa.

Alamarsa ita ce yoyo a wurare da yawa gaba ɗaya, ko geji ya riƙa ɗagowa da kansa, ko kuwa ka sake gasket bayan mako biyu ya koma zuba. Waɗansu tsofaffin injuna ma ba roba aka sa musu a bakin kiranshaf ba, zare ne aka yanka a jikin ƙarfen wanda yake mai da mai ciki sa'ad da yake juyawa. Irin wannan, da numfashi ya toshe sai ya yi ta zuba, alhali ba abin da ya lalace.

Zare tiyon numfashi ka hura ka ji ko iska tana wucewa. Wanke shi da rariyarsa cikin kananzir, ka shanya, ka mayar. Tiyon da ya tsage ko ya narke a sake shi. Muna ba da shawara a yi wannan tun kafin a sayi gasket ko ɗaya, gama ba ya cin ko kwabo, sau da yawa kuma yoyo yakan ragu ƙwarai. Bayan haka ta da inji ka buɗe murfin zuba mai. Ɗan huci kaɗan ba kome. Amma in yana ta bulbulo da hayaƙi kamar bakin murhu, ringin fistin ne suka ci, sabon gasket kuwa ba zai daɗe ba sai an yi aikin ciki.

Cika mai fiye da kima shi ma yana jawo yoyo. Auna a wuri mai lebur, bayan inji ya huta kamar minti 5, kada kuma ya haura alamar sama. Ga tsohon inji a ƙasa mai zafi irin tamu, mai lamba 20W-50 shi aka saba zubawa. Magungunan da ake sayarwa cikin gwangwani wai suna tsai da yoyo, abin da suke yi shi ne kumbura tsohuwar roba ta ɗan kama. Ba su ɗinke gasket da ya yage, ba su kuma toshe tsagar ƙarfe.

Abin Da Za A Bar Wa Makaniki

In hoda ta nuna man yana fitowa daga bayan fuli na gaba, yana fantsama a kewaye yana jiƙa fanbel, bakin kiranshaf na gaba ne ko murfin sarƙa. Wannan yana bukatar a cire lagireto a zare fuli da kayan aikin da ba kowa yake da su a gida ba. In kuwa ko'ina a bushe yake, sai daidai mahaɗar inji da giyabos mai yake ɗigowa, to, wannan shi ne sil na baya na gaskiya, sai an raba inji da giyabos. Ɗigo ɗaya biyu a dare ana iya zama da shi ana duba geji. Amma in kuloci ya fara santsi, inji yana kuka mota ba ta ja a hawa, ko tana karkarwa wajen tashi, mai ya kai ga farantin kuloci, jinkiri kuma ƙarin kuɗi ne.

Ko a nan wahalarka ba ta tafi banza ba. Wanda ya shiga gareji ya ce, "Malam, motata tana zubar da mai," ya ba da wuƙa da nama. Wanda kuwa ya ce, "Na wanke, na sa hoda, sama a bushe yake, ga inda yake fitowa," shi da makaniki za su yi ciniki a kan aiki ɗaya sananne. Makanikin kirki ma zai ji daɗi, gama ka rage masa lalube. Roƙe shi ya sake farantin kuloci in ya jiƙe tun da an riga an buɗe, ya kuma nuna maka tsofaffin kayan da ya cire.

Rai Ya Fi Mota

Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Jak na ɗagawa ne, ba a dogara gare shi. Kada kuma ka tokare ta da bulo na siminti, gama yakan rugurguje ba sanarwa. Nemi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko gungumen itace mai ƙarfi, a ƙasa mai tauri. Ja birkin hannu, sa giya, ka sa duwatsu a tayoyin da suke ƙasa. In akwai gareji mai rami kusa da kai, roƙi aron ramin. Kada ka yi aikin ƙasa ba kowa a gida.

Tsohon man da ka juye kuma, zuba shi cikin jarka mai murfi ka kai wa masu juye. Kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya, gama kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawa. Kada a ɗura shi a kwalbar lemo inda yaro zai gani ya ɗauka abin sha ne. Kada kuma a shafa shi a ƙazuwa ko makero ko gyambon dabba kamar yadda waɗansu suke yi. Akwai guba a cikinsa, yawan taɓa fata kuma yana iya jawo ciwon daji. Wanke hannu da sabulu da ka gama.

Bayan gyara, sake wanke wurin, ka mai da sabon kwali ƙarƙashin mota kwana uku. In ya kwana fes, aiki ya yi. Daga nan sai ka mai da shi al'ada, kowace Asabar da safe ka zaro geji kafin ka ta da inji, haka kuma kafin kowace doguwar tafiya. Kira ɗanka ko 'yarka su riƙe maka tocila, su koyi karanta geji tun suna ƙanana. Ka kuma roƙi mai shara, duk ranar da aka ga sabon tabo a faɗa maka kafin a share.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen birki, da yadda mai gida zai gane ya fara ci tun bai kai ga ƙarfe ba.